Daga Tashar Ruwa ta Jidda Zuwa Makka a Jirgin Ƙasa

Mutumin Yauri ba a koya masa shiga jirgin ruwa, a ciki ya buɗe ido. Tun yaro bai iya ƙirga canji ba ya san inda zai zauna a kwale-kwale don kada ya karkata, ya kuma san cewa idan iska ta taso daga gabas da la'asar sai a nemi gaci. Ranar kasuwa jirage suna fitowa daga Rofiya da gungunan da ke tsakiyar Kwara da ƙauyukan Ngaski, shaƙe da buhunan albasa da kwandunan busasshen kifi da awaki da mutane. Shi ya sa a ƙarshen 2022, da na je Khartum duba ƙanena da ke karatu a can, aka kuma ba ni shawarar in bi ta Bahar Maliya idan zan wuce Umara, ban yi wata-wata ba. Ruwa dai ruwa ne. Tekun ya fi Kainji faɗi da zurfi da gishiri, amma bai girgiza ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai har yau yana kan tudu, tsakanin inda jirgin ya ɗaure da ƙofar Harami.

Daga Sawakin muka tashi. Wannan tsohon gari, da gine-ginensa na dutsen teku da suka zube suka zama kufai, kakanninmu sun san shi sarai. Kafin jirgin sama ya zama hanyar alhazai, mutum yakan bar Kano ko Sakkwato a ƙafa ko a kan jaki, ya bi ta Barno da Abeshe da Jinaina da Fashir, yana tafe yana tsayawa yin ƙwadago don guzuri. Bayan layin dogo ya isa Al-Ubayyid wajen 1912 sai tafiyar ta ɗan yi sauƙi, domin daga nan ana iya hawa jirgin ƙasa har bakin teku. Wasu sukan shekara biyar, wasu goma, wasu kuma ba su ƙarasa ba, suka kafa gida a gonakin Jazira ko a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokinsu ne na tarar a cikin jirgin. Wata dattijuwa da ta shimfiɗa tabarma kusa da ni ta ji ina waya da Hausa, sai ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, kai kuma daga wace ƙasa?" Na ce mata Yauri. Ta ce ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma kakanta ya sha faɗa mata cewa su mutanen gulbi ne, daga yamma da Sakkwato. Hausarta tsohuwa ce, cike da Larabci, sai dai ba kalmar da ta ɓace mini. Ita ce ta raba mana gurasa da dabino da dare, ita ce kuma ta tashe ni da asuba.

Jirgin ya kwana yana tafiya. Wasu sun ɗaura harami tun a cikinsa, wasu suka ce sai sun sauka Jidda, kowa da fatawar da ya riƙe. Gari na wayewa muka hango dogayen ƙarafan sauke kaya sun yi layi a bakin ruwa. A nan jirgin ya rage gudu ya kusan tsayawa. Wani ƙaramin jirgi mai inji ya taso daga tasha ya raɓe mu, aka jefa tsanin igiya, mutum ɗaya ya hau. Shi ne jagora. Bakin Jidda cike yake da duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, tun zamanin jiragen filafilai ake tsoronsu, don haka duk ƙwarewar matuƙi ba ya shiga shi kaɗai, sai da ɗan gari da ya san hanya. Na tsaya ina kallon alamomin ja da kore da aka kafa a ruwa suna nuna inda za a bi. Duk wanda ya taɓa ratsa tafkin Kainji da rani, lokacin da ruwa ya ja baya kututturan itatuwan da aka nutsar a 1968 suka matso kusa da sama, ya san abin da waɗannan alamomi suke nufi ga ran ɗan Adam.

Muna shiga tashar sai ga wani jirgi a ɗaure da ya sa kowa ya miƙe tsaye. Fari ne fat, hawa kan hawa, da baranda a gaban kowane ɗaki, kai ka ce unguwa guda aka ciro da benayenta aka ɗora a kan ruwa. Wani ma'aikacin jirginmu ya ce na 'yan yawon shaƙatawa ne, irin waɗanda mutum ke biya ya kwana a ciki yana zaga garuruwan bakin teku. Tun daga 2021 irin waɗannan jirage suka fara mayar da Jidda masaukinsu. Girmansa ya ɗauki idona, amma na fi daɗewa ina kallon ƙasa. Manyan motocin safa ne jere a gindin jirgin, kowace da lamba a gilashi, da mutum riƙe da allo a bakin ƙofa. Fasinja na saukowa daga tsani zai duba lambarsa ya shiga. Babu mai jan hannun wani, babu mai fizgar jaka. Cikin ɗan lokaci dubban mutane suka watse, wasu zuwa tsohon garin Jidda da ake kira Balad, wasu zuwa kasuwanni.

Na ɗauka wannan gata na masu kuɗi ne kawai. Ashe mu ma da muka kwana a kan tabarma an tanadar mana namu. Ba a barin kowa ya yi yawo da ƙafa a cikin tashar, saboda manyan motocin kwantena da ke kai da kawowa. Bas ce ta zo har bakin jirgi ta kwashe mu zuwa zauren fasinjoji. Can aka duba fasfo, aka ɗauki hoton yatsu, aka saka kaya a na'ura. An ɗauki lokaci, an kuma yi layi mai tsawo, domin jirgi guda ya sauke jama'a masu yawa a tare. Sai dai layin a inuwa aka yi shi, akwai wurin zama ga tsofaffi, akwai ruwan sha da bayan gida da wurin alwala. Dattijuwar nan an kawo mata keken guragu ba tare da ta roƙa ba.

Jidda ta daɗe tana wannan aiki. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, wajen shekara ta 26 bayan Hijira, aka mayar da ita tashar ruwan Makka. Har yau a tsohon garin akwai ƙofar da ake kira Bab Makka, inda ayarin raƙuma ke fita. Tazarar da ke tsakanin biranen biyu ba ta kai kilomita 80 ba, amma a kan raƙumi kwana biyu ake yi, ana tafiya da dare saboda zafi, a ya da zango a Bahra. Talakan da ba shi da kuɗin raƙumi, kuma yawancin mutanenmu haka suke, da ƙafa yake takawa, da ƙunshin kayansa a ka. Wasunsu a Jidda suka tsaya suna dako da sayar da ruwa, har zuriyarsu ta zama 'yan ƙasa, shi ya sa za ka ga ɗan ƙwallon Saudiyya sunansa na ƙarewa da Hausawi.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan zuriya na tarar a wajen zauren, dattijo mai tasi. Ya dube ni da haramina ya ce, "Alhaji, Makka ko? Mota kake so ko jirgi?" Na tambaye shi wanne ya fi. Ya ce idan kana da kaya da yawa da iyali, bas ko tasi ta fi, domin za ta kai ka kusa da masauki. Idan kai kaɗai ne da jaka ɗaya, ka hau jirgin ƙasa ko don ka ba da labari a gida. Bai yi ƙoƙarin cusa mini tasinsa zuwa Makka ba, alhali nan ne kuɗin yake. Dattijuwar da 'ya'yanta suka nufi bas da kayansu niƙi-niƙi. Muka yi sallama, ta sa mini albarka, ta ce idan na koma in gaishe mata da gulbi. Ni kuma dattijon ya kai ni tashar jirgin ƙasa ta Sulaimaniyya.

Wannan jirgi sunansa Haramain. Sarki Salman ne ya buɗe shi a watan Satumbar 2018, aka fara ɗaukar fasinja a Oktoba. Layin ya kai kimanin kilomita 450 daga Makka zuwa Madina, da tashoshi 5: Makka, Sulaimaniyya a Jidda, filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai Madina. Kamfanonin Sifaniya ne suka shimfiɗa dogon suka kawo jiragen, ƙirar Talgo, guda 35, kowanne da kujeru 417. Da wutar lantarki yake tafiya. Ita tashar Sulaimaniyya ma gobara ta cinye rufinta a Satumbar 2019, shekara guda kacal da buɗewa, amma ranar da na shiga ba abin da ke nuna an taɓa yin wuta a wurin. An gyara, an ci gaba da aiki.

Bari in tsaya kan tikitin, domin a cikinsa komai yake. A waya na saye shi, dattijon mai tasi ne ya nuna mini yadda ake yi. A jikinsa akwai sunana, da lambar tarago, da lambar kujera, da mintin da jirgi zai tashi. A ƙofa na ɗora wayar a kan wani gilashi, ƙofar ta buɗe, na wuce, ta rufe. Wanda ba shi da tikiti ba zai ma kai ga ganin jirgin ba. Idan kujeru 417 suka ƙare, an gama, sai na gaba. Babu wanda zai ce a matsa a saka mutum ɗaya, babu wanda zai zauna a kan buhu a tsakiyar hanya. Kaya ma da iyaka, babbar jaka ɗaya da ta hannu. A kowane lokaci hukuma ta san mutum nawa ne a cikin jirgin, ta san sunayensu, ta san inda kowa zai sauka. Ina zaune a kujerata kusa da taga wannan tunani ya riƙa yi mini nauyi a ƙirji, kuma zan faɗi dalili nan gaba.

Jirgin ya tashi a mintin da aka rubuta. Ban ji lokacin da ya motsa ba, sai gani na yi ginshiƙan tasha suna ja da baya. Gidajen Jidda suka ƙare, aka shiga fili mai yashi da baƙaƙen duwatsu tsirara, ba ciyawa ba bishiya sai ɗaiɗaiku. A taragon namu akwai mutanen Indonesiya da Turkawa da Misirawa da wasu matasa 'yan Nijar, kusan kowa cikin farin mayafi biyu. Wani ya fara talbiya a hankali, na kusa da shi ya karɓa, kafin ka ce kwabo taragon duka ya ɗauka. Wani tsoho Baturke a gabana yana yi yana share hawaye da gefen haraminsa. Cikin kamar rabin awa aka sanar da Larabci da Turanci cewa mun iso Makka. Tafiyar da kakanninmu suka yi kwana biyu suna taka ta, ni ko shayin da na saya ban gama sha ba.

Tashar Makka tana unguwar Rusaifa, 'yan kilomitoci kaɗan daga Harami. Rufinta yana kan ginshiƙan ƙarfe masu rassa, an yi masa ado da ruwan zinari, kamar yadda aka yi wa ta Madina da kore. A nan ma ba a bar mu muna raba ido ba. Alamomi da kibiyoyi sun kai mu har inda bas-bas ke jira, suka sauke mu kusa da masallaci. Tun daga tsanin jirgin ruwa har inda na cire takalmi, ba inda na tsaya ina tambayar kaina yaya zan yi. Kowane abin hawa ya miƙa ni ga na gaba.

Gudun jirgin na gaske sai a hanyar Madina na gan shi. Akwai allo a saman ƙofar tarago da ke nuna saurin tafiya, na zuba masa ido lambobin suna hawa har suka kai 300. Kilomita 300 a awa guda, a cikin hamadar da zafinta ke kusantar digiri 50 da bazara, inda iska ke kwaso yashi tana zubawa a kan dogo, sai an riƙa sharewa. Cikin ƙasa da awa biyu da rabi muka isa, tafiyar da ayari ke yi a kwana goma ko fiye. A cikin masu tuƙa wannan jirgi har da mata 'yan ƙasar. A farkon 2022 da aka nemi mata 30 don koyon tuƙin, kimanin 28,000 ne suka nema. A Madina na je Anbariyya na ga tsohuwar tashar jirgin Hijaz, wanda Daular Usmaniyya ta shimfiɗa daga Dimashƙa ya iso garin a 1908, yaƙin duniya na farko ya kashe shi. Yanzu gidan tarihi ne. Sun yi kusan shekara ɗari ba jirgin ƙasa a wannan yanki kafin su sake ginawa.

Da zan koma Jidda daga Makka sai na hau bas don in ga ɗaya hanyar. Titi ne mai faɗi, layi-layi, ana wucewa ta ƙarƙashin wata ƙatuwar baka da aka gina da siffar Alƙur'ani a buɗe a kan mazauninsa, sannan a wuce Shumaisi, inda ake tantance masu shiga Makka. Bas ta fi arha, ta kuma fi ɗaukar kaya, sai dai cunkoson shiga Jidda kan ci lokaci. Dattijon mai tasi gaskiya ya faɗa mini.

Kada wani ya ce wannan tsari na haɗa ruwa da dogo baƙon abu ne a ƙasarmu. A kan koginmu na Kwara ma an taɓa yin sa. Turawan mulkin mallaka sun zaɓi Baro, a bakin Kwara can ƙasa da mu, don jiragen ruwa masu tasowa daga teku su sauke kaya a loda wa jirgin ƙasa. Layin Baro ya isa Kano a 1911, kuma da irin wannan dogo gyaɗar Kano ta samu hanyar fita duniya. Don amfanin kansu suka yi, wannan ba a musu, amma sun gane cewa tashar ruwa ba ta da amfani idan ba abin da zai karɓi kaya da mutane daga gare ta. An sake gina tashar Baro, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a Janairun 2019, sai dai an buɗe ta ba tare da ingantacciyar hanyar mota ko dogo mai aiki da zai kai gare ta ba. Mu kuwa a Jihar Kebbi ko taku ɗaya na layin dogo ba mu da shi.

Yanzu ga abin da ya yi mini nauyi a kujerar nan. A ƙarshen watan Mayun 2021 wani jirgin katako ya taso daga ɓangaren Jihar Neja zuwa kasuwar Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, da babura da buhuna. Ya tsage a tsakiyar ruwa. Waɗanda suka tsira kaɗan ne. Kwana da kwanaki masunta suna tsamo gawarwaki, iyaye na zaune a gaci suna jira, kuma ba wanda ya iya faɗin takamaiman adadin waɗanda ke ciki, domin babu takardar da aka rubuta sunan kowa. Wasu gidaje sai da suka ga nasu bai dawo ba sannan suka san yana ciki. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ajali idan ya zo ba makawa, mun yi imani da haka, amma lodin da ya wuce kima da ruɓaɓɓen katako da kututturen da ba a sa masa alama ba, waɗannan aikin hannunmu ne.

Wanda kuma Allah Ya tsallakar da shi lafiya, me yake tararwa a gaci? Ya tattare wando ya taka cikin taɓo. Mace mai goyo ta sauko da kwandon kifi a ka ba abin dafawa. 'Yan dako da 'yan kabu-kabu su yi masa caa, kowa na jan kayansa. Idan Kontagora ya nufa, ko Koko da Jega da Birnin Kebbi, sai ya sake neman abin hawa zuwa tasha, ya zauna jiran mota ta cika, wani lokaci har rana ta karkata. Albasar da aka yi wata da watanni ana ban ruwa tana nan a rana tana laushi. Haka abin yake a Zamare, haka a Wara, haka a ƙauyukan Shanga da ke bakin ruwa. Tun da aka datse kogin nan aka tashi dubban mutane daga gungunansu da gonakinsu don ƙasa ta samu wutar lantarki, jama'ar wannan yanki ba su taɓa daina biyan kuɗin tafkin ba.

Ban dawo ina mafarkin jirgi mai gudun kilomita 300 zai ratsa Yauri ba. Saudiyya tana da kuɗin mai da miliyoyin alhazai, mu ba mu da su a haka. Amma yawancin abin da ya burge ni a Jidda ba ya bukatar dukiyar sarakuna. Dakalin siminti da matakala a bakin ruwa, da rumfa da benci. Littafi guda da biro, da mutum ɗaya da zai rubuta sunan duk wanda ya shiga jirgi, ya kuma hana tashi idan an kai adadi. Rigar ruwa ga kowane fasinja. Durom mai fenti da aka ɗaure a kan kowane kututturen da masunta suka sani, kuma Sarkawa da Gungawa sun san su ɗaya bayan ɗaya. Sai motoci biyu ko uku da za su tsaya a bakin ruwa ranar kasuwa, da lokacin tashi sananne.

Ina kira ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, da masarautarmu, da ƙungiyoyin masu jirage da direbobi, su zauna wuri ɗaya su fara da mashiga guda, ko Zamare ko Wara, kafin ruwa ya sake cika. Kai kuma ɗan'uwa mai shiga jirgi, idan ka ga an cika shi har ruwa na taɓa baki, ka sauka ka jira na gaba, ka kuma hana iyalinka shiga.